Darasi na Tara: Yadda Jiki Ke Ɗaukar Nauyi da Kurakuran Masu Ɗaga Ƙarfe

A garuruwanmu yau da wuya ka zaga unguwa ba ka tarar da wani kango ko bayan shago da samari suka mayar wurin ɗaga ƙarfe ba. Kayan aikin ba su da yawa: bututun ruwa da aka zura a gwangwanayen fenti biyu cike da siminti, da tsohon benci, wani lokaci da ƙarafan injin mota da aka samo wurin 'yan gwangwan. Masu hali kuma suna biyan kuɗin wata a gidajen motsa jiki na zamani. Abin a yaba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce ya kamata kowane baligi, namiji ko mace, ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, ban da tafiya da sauri ko makamancinta na minti 150 zuwa 300. Abin takaicin shi ne yawan waɗanda ke farawa da zumuɗi, kafin a je ko'ina ciwon baya ko na kafaɗa ya zaunar da su, su koma suna cewa ƙarfe ne ya lahanta su. Ƙarfen ba shi da laifi, yadda aka ɗauke shi ne.

Wannan darasi ba na 'yan ɗaga ƙarfe kaɗai ba ne. Lebura mai sauke buhun siminti mai kilo 50, da ɗan dako a kasuwa, da ɗan ga-ruwa mai loda jarka a kura, da uwar gida mai sauke tukunyar biki daga murhu, duk doka ɗaya ce ke aiki a jikinsu. Ana so kafin a tashi kowane ɗalibi ya iya lissafa nauyin da ke hawa kan gaɓa, ya bambance tsamin jiki da ciwon rauni, ya kuma gane kuskure idan ya gan shi a jikinsa ko a jikin ɗansa.

Tsoka ja kawai take yi

Jikin baligi yana da ƙasusuwa 206 da tsokoki fiye da 600. Kusan kowace tsoka tana ɗaure da ƙashi ta hanyar jijiya mai tauri, kuma abu ɗaya ta iya: ta takure, ta jawo ƙashin. Ko lokacin da kake tura mota, tsokar bayan damtse ce ke jan ƙashi don gwiwar hannu ta miƙe. Shi ya sa tsokoki suke zuwa bibbiyu a kowace gaɓa, ɗaya ta lanƙwasa, ɗaya ta miƙe.

Kafin mu ci gaba, a yi wannan gwaji a cikin aji. A samo bokiti da ruwa rabi. Ɗalibi ɗaya ya riƙe shi manne da ƙirjinsa, a ƙirga zuwa 30. Sai ya miƙe hannuwansa gaba sosai da bokitin, a sake ƙirgawa. Da wuya ya kai 15 kafaɗa ba ta fara rawa ba. Ba a ƙara ko ɗigon ruwa ba, nisan da ke tsakanin bokitin da kafaɗa ne kawai ya ƙaru. Duk abin da za mu faɗa a wannan darasi daga nan ya taso: wahalar da gaɓa ke sha ita ce nauyin kaya sau nisansa daga gaɓar.

Arkimidis, masanin lissafi Bagirke da ya rayu a birnin Sirakus na tsibirin Sisili a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, shi ya tsara wannan doka a lissafi. Duk wanda ya taɓa tayar da dutse da dogon ƙarfe ya san ta a aikace: a sa ƙaramin dutse kusa da babban a matsayin matokari, a danna can ƙarshen ƙarfen, sai mutum ɗaya ya motsa abin da mutum huɗu ba su iya ba. To jikinmu haka yake, sai dai a juye. Gaɓa ce matokarin, amma gajeren ɓangaren aka ba tsoka, dogon kuma aka ba kaya. Wani masani ɗan Italiya, Jiyobanni Borelli, shi ya bayyana haka a littafinsa kan motsin halittu da aka fara bugawa a 1680.

Ga lissafin. Tsokar ƙwanji tana maƙale da ƙashi kamar santimita 5 daga gwiwar hannu, tafin hannu kuma yana nesa da gwiwar kamar santimita 35. Idan ka riƙe kilo 10 a tafin hannu, gwiwar tana lanƙwashe, to 10 sau 35 ya ba da 350. A raba 350 gida 5, a sami 70. Ke nan ƙwanjinka na jan abin da ya kai kilo 70 don kawai ya riƙe kilo 10. Wani zai ce ai wannan asara ce. Ba asara ba ce, akwai hikima a halittar: idan tsokar ta takure santimita 1, hannu ya yi tafiyar santimita 7. Da wannan muke jifa da sara da daka cikin sauri. Amma abin lura, duk kilo 1 da ka ƙara a hannu, kilo 7 ka ƙara wa jijiyar da ba ka gani.

Baya da nisan kaya

A nan ya kamata mu daɗe, don nan ne aka fi jin jiki. Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne, tsakanin kowane biyu akwai faifai mai taushi da ke shanye matsi. Guda 5 na ƙasa, wajen ƙugu, su suka fi ɗaukar kaya. Tsokokin da ke miƙar da baya suna nesa da waɗannan faya-fayan da kamar santimita 5 kacal, wato su ma gajeren ɓangare suka samu.

Mu ɗauki jarkar ruwa mai lita 25, wadda nauyinta kilo 25 ne. Idan tana santimita 20 daga ƙugunka, 25 sau 20 ya zama 500, a raba gida 5, tsokar baya na jan kilo 100. Idan ka tsaya nesa ka miƙa hannu ka ɗauko ta daga santimita 50, lissafin ya koma 1,250 a raba gida 5, wato kilo 250. Kuma ba mu sa nauyin kanka da ƙirjinka da hannuwanka ba, waɗanda su ma sun rataya gaba sa'ad da ka sunkuya. Taku ɗaya da ka ƙi yi zuwa wurin jarkar ya jawo wa bayanka ƙarin kilo 150.

An auna wannan a jikin mutum mai rai. A 1999 wasu masu bincike a Jamus, ƙarƙashin Hans-Yowakim Wilke na birnin Ulm, sun sa na'urar awon matsi cikin faifan bayan wani da ya amince, suka sa shi ayyuka iri-iri. Da ya ɗaga kaya mai kilo 20 a sunkuye, bayansa a ƙudundune, matsin ya ninka na tsayuwa fiye da sau 4. Da ya lanƙwasa gwiwa ya ɗauka, matsin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Da ya riƙe kayan manne da jiki, bai kai rabin na farkon ba.

Saboda haka mai ɗaga ƙarfe daga ƙasa ya matso har ƙarfen ya kusa taɓa ƙwaurinsa. Ya tura ƙugu baya, ya lanƙwasa gwiwa, ya ɗaure ciki, ya bar bayansa a miƙe. Sai ya danna ƙasa da ƙafafu, ƙarfen na shafar ƙafa har ya miƙe tsaye. Kuskuren da aka fi gani shi ne ƙugu ya riga ƙirji tashi, ƙafafu su miƙe tun ƙarfe bai bar ƙasa ba, sai a bar wa baya aikin shi kaɗai. Wanda ya fi wannan muni shi ne murɗa jiki da kaya a hannu, kamar yadda mai sauke buhu daga mota ke juya ƙugu ya jefa shi gefe alhali ƙafafunsa suna kafe. A juya ƙafa, jiki ya bi ta.

Kada wannan ya sa wani ya ji tsoron sunkuyawa. Baya gaɓa ce mai ƙarfi, an yi shi ya lanƙwasa. Manomi na yini a duƙe da fartanya, mata na shara da gajeriyar tsintsiya, kuma ba su karye ba. Matsalar tana zuwa idan abu uku suka haɗu: kaya ya fi ƙarfin da jiki ya saba, yana nesa da jiki, mutum kuma ya gaji. Bel ɗin da ake ɗaurawa a ƙugu yana taimaka wa mai ɗaga babban nauyi ya tokare cikinsa, amma ba ya gyara ɗauka mara kyau.

Tsuguno da maganar gwiwa

Akwai wata magana da ta yaɗu a wuraren motsa jiki, wai idan za ka tsuguna da ƙarfe a kafaɗa, kada gwiwa ta wuce yatsun ƙafa. Ku dubi kanku lokacin alwala ko wanki: gwiwa tana wuce yatsu kullum, tun muna yara. A 2003 masu bincike a Jami'ar Memfis ta Amurka sun gwada hana gwiwa wucewa ta hanyar sa katako a gabanta. Nauyin da ke kan gwiwa ya ragu da kusan kashi 22 cikin 100, amma wanda ke kan ƙugu ya ninka fiye da sau 10, saboda dole mutum ya ƙara rusunawa gaba don kada ya faɗi. An rage wa gwiwa kaɗan, an jibga wa ƙugu da baya mai yawa. Abin da ya kamata a kula da shi shi ne dunduniya ta zauna a ƙasa, gwiwa ta bi inda yatsu suka fuskanta, kada ta karkato ciki sa'ad da ake yunƙurin miƙewa. Silifas da takalmi mai taushin ƙasa ba su dace da wannan aiki ba. Idan wurin a share yake, gara mutum ya tsaya ba takalmi.

Ƙirji da damtse, sauran jiki ko oho

Je ka wurin samari da yamma ka zauna ka ƙirga. Za ka ga layi a benci, kowa na tura ƙarfe daga ƙirji, daga nan a koma lanƙwasa damtse. Ƙafa da baya ba mai waiwayarsu, tunda riga ba ta nuna su. Alhali tsokoki mafi girma a jiki suna mazaunai da cinya. Duk wanda ya san kokawa ya san ba da damtse ake kayar da mutum ba, da ƙafa da ƙugu ne, kuma naushin ɗan dambe daga ƙasa yake tasowa, ya bi ta ƙugu kafin ya isa hannu.

Illar wannan son kai ba a ƙafa kaɗai take tsayawa ba. Kafaɗa ita ce gaɓar da ta fi kowace sakewa a jiki, ƙananan tsokoki ne ke riƙe kan ƙashin a gurbinsa. Wanda ke turi kullum ba ya ja, gabansa zai fi bayansa ƙarfi, kuma sau da yawa ƙarshen abin ciwon kafaɗa ne da ke hana shi ko ɗaga hannu ya sa riga. Duk yawan turin da aka yi, a yi ja kwatankwacinsa: a rataya a ƙarfe a jawo jiki sama, ko a sunkuya a jawo nauyi zuwa ciki.

A kan bencin ma akwai gyara. Wasu suna buɗe gwiwar hannu sosai har ta yi daidai da kafaɗa, wanda ke matse gaɓar. A sassauto da ita kusa da haƙarƙari kaɗan. Wasu suna sakin ƙarfe ya faɗo kan ƙirji ya yi tsalle, su tare shi su ce sun ɗaga. 'Yan wasan Nijeriya masu buƙata ta musamman sun yi suna a duniya a wannan fanni. Lucy Ejike ta ci zinare a gasar Olamfik ta masu buƙata ta musamman a Atina a 2004, da Bejin a 2008, da Riyo a 2016. A dokar gasarsu sai ƙarfe ya tsaya cak a kan ƙirji kafin a tura shi, wanda ya buga shi a ƙirji ba a lissafa masa. Idan zakarun duniya ke nan, ina dalilin ɗan koyo? Sai kuma abu biyu da suka shafi rai kai tsaye: babban yatsa ya zagaye ƙarfen don kada ya suɓuce, kuma kada a kwanta ƙarƙashin babban nauyi sai da wani a tsaye ta wajen kai, hannunsa a shirye. An yi asarar rayuka a ƙasashe da dama saboda ƙarfe ya danne maƙogwaro ba kowa a kusa.

Haka mai lanƙwasa damtse da ke lilo da jikinsa gaba da baya don ƙarfe ya tashi. Wannan ƙugunsa ne ke wurgo nauyin, ƙwanjin da yake son ginawa kuwa bai yi rabin aikin ba. Kuma saukar da nauyi aiki ne kamar ɗaga shi. Tsoka ta fi ƙarfi wajen saukewa, tana kuma ƙaruwa da shi sosai. Wanda ke sakin ƙarfe ya faɗi da kansa ya zubar da rabin ribarsa. A sauke a hankali, ana ƙirga ɗaya, biyu, uku.

Numfashi

Sa'ad da mutum ya riƙe numfashi ya yi yunƙuri, iska na tokare ciki, baya ya sami ƙarfi, amma jini yana hawa ƙwarai. A 1985 masu bincike a Jami'ar Makmasta ta Kanada sun auna jinin ƙwararrun masu ɗaga nauyi suna tura babban kaya da ƙafa. Awon lafiyayyen mutum yana wajen 120 bisa 80. Nasu ya kai matsakaicin 320 bisa 250, na mutum ɗaya ma ya wuce 480 bisa 350. Abin yana sauka cikin daƙiƙu, kuma lafiyayyen matashi yakan jure, amma ga mai hawan jini ko ciwon zuciya haɗari ne. Ɗan koyo ya shaƙi iska wajen saukewa, ya fitar wajen yunƙuri. Wanda ya ji jiri, ko idonsa ya yi duhu, ko ciwon kai ya sara masa farat ɗaya, ya ajiye ƙarfen nan take.

Gaggawa

Girkawa suna da labarin wani ɗan kokawa mai suna Milo, na garin Kuroton, wanda ya rayu a ƙarni na 6 kafin Miladiyya, ya kuma ci gasar Olamfik sau 6. An ce ya riƙa saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa kowace rana har ya zama bijimi yana ɗaukarsa. Ko labarin ya faru ko ƙari ne, ƙa'idar da ke cikinsa ta tabbata a asibiti. A 1945 wani likitan sojan Amurka, Tomas DiLom, ya fara jinyar sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu da ɗaga nauyi, ana ƙara musu kaɗan-kaɗan. Suka warke da wuri fiye da waɗanda ake lallaɓawa. Daga aikinsa da abokinsa Ata Watkins a 1948 aka samo tsarin nan na zubi 3, kowane zubi sau 10, da ake bi har gobe.

Kuskure a nan kashi biyu ne. Akwai mai shekara guda yana ɗaga nauyi iri ɗaya ba tare da ƙari ba, yana mamakin jikinsa bai canza ba. Jiki ba ya ƙara ƙarfi sai an nemi abin da ya ɗan fi wanda ya saba. Ɗayan kuma, wanda ya fi yawa, shi ne mai cewa, "Oga, ƙara min faranti, ai jiya na ɗaga wannan," saboda abokinsa na kallo. Ga abin da ke yaudararsa. A makonnin farko ƙarfi na ƙaruwa da sauri, amma yawancinsa ba girman tsoka ba ne, ƙwaƙwalwa ce ke koyon yadda za ta tara tsokoki su yi aiki tare. Tsokar kanta sai an yi makonni take fara kauri, jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi kuwa, da yake jinin da ke isa gare ta kaɗan ne, sai an yi watanni. A wannan tsakani ne mutum ke iya ɗaga abin da jijiyarsa ba ta shirya masa ba. Ku tuna da lissafin ƙwanji: kilo 5 da aka ƙara a hannu kilo 35 ne a kan jijiya.

Hanya mai sauƙi ita ce a zaɓi nauyin da za a iya ɗagawa sau 8 zuwa 12 ba tare da jiki ya karkace ba. Idan an kai 12 a kowane zubi, kuma aka maimaita haka a zuwa na gaba, sai a ƙara kilo 1 ko 2. Masu ƙarfen siminti suna da matsala ta musamman: ba su san kilo nawa suke ɗagawa ba, kuma sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, sai kafaɗa ɗaya ta riƙa shan wahala. A kai ƙarfen wurin mai sikeli a auna, a rubuta nauyin da fenti a jikinsa. Idan an zo ƙari, a ɗaura robar ruwa a kowane gefe, tunda lita 1 kilo 1 ce. Kuma kada a fara da babban nauyi jiki na sanyi: minti 5 zuwa 10 na sassarfa, sai a gwada motsin da ƙarfe marar kaya.

Tsami daban, ciwo daban

Tsamin jiki yakan zo washegari, ya tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72, yana cikin naman tsoka, yana raguwa idan an motsa. Wannan ba komai. Kuma rashinsa ba ya nufin aikin bai yi ba. Ciwon da ke suka a cikin gaɓa, ko ya zo farat ɗaya ana tsakar ɗagawa, ko ya zo da kumburi, ko ya sauka daga ƙugu zuwa ƙafa da mutuwar jiki, wannan na likita ne, ba na mai tausa ba. Akwai kuma alamar da kowa ya kamata ya haddace. Idan bayan motsa jiki mai tsanani tsoka ta kumbura, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, to tsoka ce ta farfashe, sinadarinta ya shiga jini, yana iya kashe ƙoda. A tafi asibiti a ranar. An fi ganin haka ga sabon shiga da aka tilasta wa wuce ƙarfinsa, musamman a zafin bazara ba ruwa a ciki.

Tsoka ba a wurin ƙarfe take girma ba, a gida take girma, lokacin hutu da barci. A ba kowace tsoka kamar awa 48 kafin a sake matsa mata, a yi barcin awa 7 ko fiye. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: mai wannan aiki yana buƙatar furotin kamar giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jikinsa. Mai kilo 60 ke nan giram 96 a yini. Ƙwai ɗaya na da kamar giram 6, giram 100 na busasshen wake ko gyaɗa na da fiye da 20, waken suya fiye da 35. Ɗanwake da alala da awara da ƙuli-ƙuli da nono da kifi da fara sun wadatar, ba sai an sayi garin gwangwani mai tsada ba. A watan azumi a rage nauyi, a mayar da aikin bayan buɗa-baki.

Dole a yi magana a fili kan ƙwayoyi da allurai. Alluran sitiroyid da ake sayarwa a ɓoye suna kumbura tsoka da gaske, amma suna sa jiki ya daina yin nasa sinadarin mazakuta, maraina su ƙanƙance, haihuwa ta yi wuya, hanta da zuciya su lalace. Tiramol kuwa, da wasu ke sha don su jure, rufe ciwo kawai take yi, sai mutum ya ci gaba da aiki da gaɓar da ta riga ta ji rauni, ga jaraba, ga haɗarin farfaɗiya. Iyaye da ke cikin wannan aji, idan kun ga jikin yaro ya canza cikin ƙanƙanin lokaci, ƙuraje sun feso masa a baya, fushi ya yi masa yawa, ku zaunar da shi ku tambaye shi.

Tumbi, mata da dattawa

Lanƙwasa ciki sau 200 ba ya narkar da tumbi. Yana ƙarfafa tsokar da ke ƙarƙashin kitse, amma kitsen sai an rage ci an ƙara motsi yake tafiya, kuma daga jiki duka yake tafiya.

Mata da yawa suna gudun nauyi wai kada su yi jikin maza. Sinadarin da ke sa tsoka kauri ya ninka a jikin namiji sau 10 ko fiye, don haka mace za ta yi ƙarfi ba tare da ta sauya siffa ba, ƙashinta kuma zai yi ƙwari, abin da take matuƙar buƙata bayan ɗaukewar al'ada. Iyayenmu da suka yi daka da surfe da jan guga ba su zama maza ba. Yanzu da inji da famfo suka karɓe waɗannan ayyuka a birni, sai an nemi madadinsu da gangan.

Dattawa kuma sukan ce lokaci ya wuce. Daga shekara 30 tsoka na raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara 10, kuma wannan ne ke kai tsoho ga kasa tashi daga tabarma. A 1990 likita Mariya Fiyataroni ta sa tsofaffi 10 masu shekara 86 zuwa 96 a wani gidan kula da gajiyayyu a Boston ɗaga nauyi da ƙafa na mako 8. Guda 9 da suka kammala, ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da matsakaicin kashi 174 cikin 100. Dattijo zai iya farawa da tashi da zama a kujera sau 10 ba tare da dafa hannu ba.

Tambayoyi da aikin gida

1. Mutum ya riƙe kilo 8 a tafin hannu, santimita 35 daga gwiwar hannu, tsokar tana maƙale a santimita 5. Kilo nawa tsokar ke ja?
2. Lissafa bambancin ɗaukar buhu mai kilo 50 daga santimita 25 da kuma daga santimita 45.
3. Wani ya ce ƙarfinsa ya ninka cikin mako uku, zai ninka nauyin da yake ɗagawa. Me za ka gaya masa, kuma don me?
4. Kawo alamu uku da ke nuna ciwo ya wuce tsamin jiki.

A wannan mako kowa ya lura da wani da ke ɗaukar kaya a gida ko a kasuwa, ya rubuta jimla biyar kan inda ƙafafunsa suke, da nisan kayan daga jikinsa, da yadda ya juya. Wanda ke da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ƙaba, ko mace mai juna biyu, ko wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, kada ya gwada komai daga wannan darasi sai ya ga ma'aikacin lafiya. Mai niyyar farawa kuma ya fara zuwa a auna jininsa, ya zo da sakamakon a rubuce ranar darasi na gaba.